Tawadar da Ke Ɗaukar Wuta

Shekara ashirin da biyu Abdulrauf ya yi yana sana'ar bugu a Kankia, kuma a tsawon shekarun nan babu wanda ya taɓa dawo masa da aiki ya ce bai yi ba. Bajen da ake liƙa wa rigunan makaranta, rigunan 'yan ƙwallo, jakunkunan rabon biki, allunan shaguna, duk daga ɗan shagonsa na bayan tasha suke fitowa. Kayan aikinsa ba su da yawa: firam na katako da aka ɗaure wa raga, robar jan tawada, teburi mai faɗi, sai injin gasa riga wanda ba ya motsi sai an kawo wuta. Abin da yake tinƙaho da shi idonsa ne. In ya ɗaga bugu ya dube shi sau ɗaya ya ce ya yi, to ya yi.

Wata Talata cikin kaka, ana tsakiyar roron wake, Khairiyya ta yi sallama a ƙofar shagon da ƙaramar kula a hannu. 'Yar yayarsa Tani ce, a gabansa ta girma, ta yi karatun haɗa sinadarai har ta zama malama a jami'a. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambayi iyali, sannan ta ɗora kular a kan teburi.

"Kawu, aiki na kawo maka, amma ba irin wanda ka saba ba."

"Buɗe mu gani. Ko fura kika kawo mani?"

Ta ciro wata kwalba da ba ta wuce ta turare ba. Abin da ke ciki toka-toka ne, mai kauri, yana ɗan walƙiya in an juya shi.

"Tawada ce," in ji ta. "Azurfa ce a ciki, ƙwayoyinta ƙanana ƙwarai, sai ka jera dubu kafin su kai kaurin gashi ɗaya. In aka buga ta a kan leda aka gasa, sai ƙwayoyin su manne da juna, layin ya koma kamar waya. Wutar lantarki na bi ta cikinshi."

Ta miƙa masa zane: kamar mataji biyu suna fuskantar juna, haƙoran wannan sun shiga tsakanin na wancan ba tare da sun taɓa ba. Ta ce in aka cusa ledar cikin buhun wake aka maƙala mata mita, lamba za ta nuna ko waken ya bushe ko da saura. Bara manoman Kusada da dama sun ɗaure wake cikin buhunan nan marasa shan iska tun bai gama bushewa ba, da aka buɗe aka tarar ya yi fumfuna. Malam Rabe, shugaban ƙungiyarsu, ya yarda ta zo ranar Asabar ta gwada a gaban mutane. Injin da ke buga irin wannan abu a jami'arsu kuwa tun azumin bara ya lalace, har yau ana jiran kayan gyara.

Abdulrauf ya juya zanen ya sake juyawa. Layuka ne kawai, babu harafi, babu inuwa, babu launi biyu. Dariya ta kama shi.

"Wannan ne ya gagari jami'a? Ni da ke buga baje mai zaki da alƙalami da rubutun Larabci a ƙasa? Tafi gida ki huta, gobe da hantsi ki zo ki kwashi kayanki."

"A gabana za a yi, Kawu. Tawadar ke nan duka, babu wata."

Bai ji daɗin maganar ba, amma ya bar ta.

Washegari ya fitar da zanen a kan ragarsa, ya shimfiɗa ledojin da ta yanka ta kawo, ya ɗiga tawada, ya ja roba. Guda goma ya buga, kowace ta fito tsaf, layukan suna sheƙi. Suka yi sa'a akwai wuta, ya kunna injin gasa riga. Ukun farko suka nannaɗe kamar ganda a garwashi. Ya rage zafi, ya rufa ƙyalle, sauran bakwai suka fito lafiya. Ya jera su a teburi ya koma gefe ya harɗe hannu.

Khairiyya ta ciro mita mai wayoyi biyu, ja da baƙa. "In wuta ta ratsa daga wannan kai zuwa wancan, zai yi ƙara," ta ce. Ta ɗora wayoyin a kan ta farko. Shiru. Ta biyu, shiru. Ta huɗu ce kawai ta yi wani ɗan siririn kuka, sauran duk babu motsi.

"Mitanki ya lalace," in ji Abdulrauf.

Ta haɗa bakin wayoyin biyu. Mita ya yi kuka.

Ya ɗauki leda ɗaya ya fita bakin ƙofa, ya ɗaga ta wajen haske. "Ina aibin wannan? Nuna mani. Ko wa aka kai ma wannan aiki sai ya sa albarka."

Ta miƙa masa gilashin ƙara girma. Ya kanne ido ɗaya ya leƙa, sai ga layin nan da yake gani sumul cike da 'yan ramuka, wani wuri ma ya tsinke gaba ɗaya, tsinkewar da ba ta kai kan allura ba.

"Wa zai ga wannan?"

"Wuta na gani, Kawu. In ta zo wurin tsayawa take."

Sai aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya. Ya ajiye gilashin da ɗan ƙarfi fiye da yadda ya yi niyya. Duk rayuwarsa mutane ne alƙalan aikinsa, kuma ya san yadda ake gamsar da mutum. Yau ga wani abu mai batir, ba ya gani, ba ya jin bayani, shi ne zai ce masa bai iya ba.

Ranar Alhamis rana ta buɗe sosai, kwanon shagon ya ɗau zafi tun hantsi. Ja biyu kawai yake yi sai tawadar ta bushe a cikin raga ta toshe ramuka. Ya goge da kananzir kamar yadda ya saba, ya sake ja, ta sake toshewa. Cikin guda takwas, biyu suka yi kuka, su ma da ƙyar, bayan an gasa su a injin da wuta ta zo masa na rabin awa ta koma.

"Ta yi kauri da yawa," ya ce. "Sai an tsinka ta."

"Don Allah kada a ƙara mata komai. Haɗinta daban ne."

Da aka kira Azahar ta tafi gida salla da cin abinci. Shi ma ya yi tasa a masallacin tasha, ya dawo ya tsaya yana kallon kwalbar. Kowace tawada a duniya in ta yi kauri tina, ruwan tsinka fenti, ake ɗiga mata, ya yi haka sau dubbai. Yarinyar nan ta san littafi, amma ba ta san yadda tawada ke tafiya a ƙarƙashin roba ba. In ta dawo ta tarar da aiki ya fito, ai magana ta ƙare. Ya zuba kusan rabi a gwangwanin madara, ya ɗiga tina, ya juya da tsinke.

Nan take abin ya tsinke. Ruwa ya taso sama, azurfar ta dunƙule guda-guda a ƙasa kamar madarar da ta lalace. Ya ƙara juyawa da sauri, ya ƙara ɗiga tinar, abin ya ƙara dagulewa. Yana riƙe da gwangwanin ta yi sallama.

Ta daɗe tana kallon cikin gwangwanin.

"Kawu, mi ka zuba?"

"Tina ce, 'yar kaɗan. Kowace tawada haka ake mata."

"Ai na roƙe ka. Wata huɗu na yi ina jiran kwalbar nan. Takarda nawa na rubuta kafin a ba ni ita."

"Ke, ni za ki koya ma tawada? Kina firamare nake wannan sana'ar. Tawadar da ba ta shan tina, ba ta son rana, ba ta son kananzir, ba ta son a taɓa ta, wannan tawada ce ko amarya?"

"Ban ce ba ka iya ba."

Ta rufe kwalbar, ta mayar cikin kula, ta ɗauki mitanta ta fita. Ko sai anjima ba ta ce ba. Da ma faɗa ta yi, da ya fi masa sauƙi, don ya tanadi amsa. Ya zauna a kan benci, ya tashi, ya harbi gwangwanin fenti da ke ƙarƙashin teburi, ƙafarsa ta yi zafi.

Bayan La'asar ya nufi gidan yayarsa. Ya tarar da Tani a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Suka gaisa, ya tambayi Khairiyya, ta ce tana ɗaki, wai kanta ke ciwo. Ya zauna ya fara zuba ƙorafi: 'ya'yan yanzu, karatun da ba ya barin a saurari manya, aikin mutane da ya ajiye kwana biyu saboda ita.

Tani ta bar shi ya gama. "Abdu, kai ka ɓata tawadar ko ba kai ba?"

"Ai ba haka maganar take ba, Yaya."

"To kai ka ɓata." Ta ci gaba da ɓara. "Ka san da ta ce za ta kawo maka, abokan aikinta dariya suka yi mata? Wai mai buga riga. Ta ce masu kawunta na jan layin da injinsu ba ya ja. Ita ta faɗa mani daren da ta zo, tana ta murna."

Abdulrauf ya ɗauki gyaɗa ɗaya ya murza ta a hannu har ta fashe. Haƙuri ya so ya ba da, amma bakinsa ya ƙi. Ya tashi ya tsaya nesa da ƙofar ɗakin.

"Khairi, gobe bayan Asuba ki kawo sauran. Da sanyin safiya ba za ta bushe da wuri ba."

Daga cikin ɗaki ta ce, "To, Kawu."

Ya koma shago kafin Magariba. Abin da ya tsaya masa a rai ramukan nan ne. Ya san hannunsa bai yi rawa ba, ya san ragar ba ta yage ba. Ya ɗebi ruwa a buta zai wanke firam, ya watsa, sai ya ga ruwan bai kwanta ba, ya tattaru ɗigo-ɗigo yana gudun wasu wurare kamar a kan kwanon da aka ci mai. Ya tsaya da butar a hannu. Kananzir ne. Shekara da shekaru yana goge ragar nan da kananzir, ta sha maiƙo har ta ƙoshi. Tawadarsa ta yau da kullum mai ce da ma, ba ruwanta. Ta Khairiyya kuwa gudun maiƙo take, shi ya sa take barin ramuka. Ya ɗauki leda ɗaya ya watsa mata ruwa, ga sawun yatsunsa nan ɓaro-ɓaro inda ruwan ya kauce.

Wato tun ranar farko laifin a shagonsa yake. Haushi ya ƙara kama shi, wannan karon babu wanda zai ɗora wa. Ya buɗe akwati ya ciro sabuwar raga mai ƙananan ido da ya ajiye don katin biki, ya ɗaure ta a wani firam, ya sake fitar da zanen kafin haske ya tafi.

Da sassafe ranar Juma'a ta zo. Bai yi mata dogon bayani ba, ya ce dai, "Kananzir ne. Wanke ledojin nan da garin sabulu, ki riƙe su ta gefe." Ta dube shi, ta dubi sabon firam ɗin, ta naɗe hannun riga. Suka yi aiki kusan babu magana. Yana ja a hankali, sau biyu a kan kowace leda, ita tana ɗaukewa tana jerawa a kan kwali. A ta talatin kwalba ta ƙare, har da abin da ya kankaro da tsinke.

Wuta kuwa ba a kawo ba. Suka jira har hantsi ya ɗaga, fanka ko motsi. Khairiyya ta ce in suka wuni ba a gasa ba, ba ta san yadda za su zama ba.

"Zafi nawa kike so?"

Ta faɗa masa, ta nuna masa ma'aunin zafi mai dogon tsinke. Ya ɗan yi tunani, ya ce ta ɗauko kwalin.

Bube mai burodi abokinsa ne tun yarinta, gidan burodinsa na layi na biyu. Suka same shi ya gama kwashe gashin safe, tanderu na huci.

"Azurfa cikin tanderuna?" in ji Bube. "Abdu, ba dai tsibbu ka fara ba?"

"Ara mani shi na rabin awa, ka bar surutu."

Khairiyya ta zura ma'auni, ta ce zafin ya yi yawa, sai ya sauka. Suka zauna jira. Kowane minti goma ta tashi ta duba, ta girgiza kai. Bube ya fara zagaye yana cewa kwaɓinsa na biyu ya kumbura zai zube, ga Juma'a na matsowa. Abdulrauf ya ce ya yi haƙuri, ya sake cewa ya yi haƙuri, a karo na uku ya ce in ya ƙara magana zai zauna a bakin tanderun ya ga mai ɗaga shi. Sai wajen sha ɗaya da rabi zafin ya kai inda take so. Suka jera ledojin a farantan burodi, suka tura, suka rufe.

Da suka fito sun huce, Abdulrauf ya miƙa hannu. "Ba ni mitan."

Ya ɗora wayoyin da kansa. Ta farko ta yi kuka. Ta biyu ta yi. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ashirin da huɗu suka amsa, shida suka yi shiru. Khairiyya ta rufe fuska da mayafi tana dariya. Shi kuwa shidan nan ya kwashe ya sa a aljihu, yana ta juya su a ransa har cikin sahun salla. Da yamma ta shafa wa masu kyan wani siririn ruwa a kan haƙoran, ta ce shi ne zai riƙa shan laimar da ke cikin buhu.

Ranar Asabar ya rufe shago ya bi ta Kusada, ko da yake ba ta ce ya zo ba. A sito na ƙungiya suka tarar da Malam Rabe, dattijo mai furfura da ƙatuwar murya, da manoma kusan goma sha biyar zaune a kan buhuna. Khairiyya ta gaishe su ta yi bayani. Malam Rabe ya saurara, ya ɗebi ƙwayar wake daga buhunsa ya ciza, ta yi ƙas.

"Mu dai haƙori ne namu mitan," ya ce. Aka yi dariya. "Amma kawo naki mu gani, ɗiyata."

Ya karɓi leda ya danna ta cikin buhu da ƙarfin mai dashen rogo. Da aka maƙala mita, babu lamba. Aka zaro ta, waken ya kankare layukan. Wani ya karɓi ta biyu ya cusa, ita ma haka. Kafin Khairiyya ta tsayar da su, shida sun mutu. Abdulrauf yana gefe yana ji kamar fatarsa ake kankarewa.

"Da an shafa masu banish irin na katako," ya ce mata ƙasa-ƙasa.

"Banish zai toshe inda laima ke shiga."

"To haka za a bar su tsirara cikin wake?"

"A ɗakin gwaji ba a cusawa da ƙarfi, Kawu."

"Nan ɗakin gwaji ne?"

Mutane suka fara kallonsu. Abdulrauf ya waiwaya, ya hango wani tsohon gidan sauro da aka toshe taga da shi. Ya nemi izini ya yago guntu, ya naɗe leda ɗaya a ciki ninki uku, ya buɗa rami da hannu cikin waken, ya kwantar da ita a hankali har tsakiyar buhu. Aka jira minti goma. Lamba ta fito. Khairiyya ta duba takardarta ta ce waken Malam Rabe ya bushe, ana iya ɗaurewa.

"To mi ta faɗa da haƙorina bai faɗa ba?" in ji dattijon.

"Baba, haƙori na sama yake ji. Ita tsakiya take ji."

Aka gwada buhun mutum huɗu, duk lafiya, mutane suka fara matsowa. A bakin ƙofa akwai buhuna goma sha biyu na Sagir, ƙanin matar Malam Rabe, wanda ke tara wake daga ƙauyuka yana sayarwa. Wani baƙo da ya zo saye yana tsaye kusa da su, motarsa na waje. Ɗaya daga cikin manoman ya ce a gwada na Sagir ma. Sagir ya ɗaga kafaɗa ya kwance bakin buhu ɗaya.

Aka sa leda a tsakiya, lamba ta hau, ta wuce duk na baya, ta ci gaba da hawa. Khairiyya, idonta a kan mita, ta ce da ƙarfi, "Wannan bai bushe ba. In aka ɗaure shi haka zai lalace."

Baƙon ya matso. Sagir ya ɗebi na sama ya ciza, ya yi ƙas, ya miƙa wa baƙon shi ma ya ciza.

"Kun ji dai. Kwana shida ya yi a rana."

Abdulrauf ya sa wata ledar a buhu na biyu. Lamba ta sake hawa.

"Ko za a zazzage ɗaya mu ga tsakiya?" in ji baƙon.

"Ba za a zazzage ba!" Sagir ya daka tsawa. "Shekara nawa nake sayar da wake a garin nan? Yau ledar alawa da mai buga riga ya shafa ma toka ita za ta ce ni macuci ne?"

Abdulrauf bai san lokacin da ya iso gabansa ba. "Wa kake ce ma ledar alawa? Ka san abin da aka sha kafin ta fito? In kana da gaskiya zazzage buhun! Ni zan kwashe maka shi da hannuna in mayar!"

"Kai wane ne da za ka ba ni umarni a kan kayana?"

Murya ta hau murya, wasu suka riƙe wannan, wasu suka riƙe wancan. Khairiyya na cewa, "Kawu, don Allah," babu mai jin ta. Sai da Malam Rabe ya buga sandarsa a ƙasa aka lafa. A cikin hayaniyar baƙon ya sulale, aka ji tashin motarsa.

Malam Rabe ya ja su waje. Fuskarsa babu fushi, gajiya ce kawai.

"Ɗiyata, kin yi ƙoƙari, Allah ya yi albarka. Amma ku tafi da abinku tukuna. Mu nan gida ɗaya muke, gobe tare za mu yi salla. Abin da zai riƙa tona mutum a gaban baƙo, sai mun zauna mun yi shawara."

"Malam, a buɗe buhu ɗaya kawai," in ji Abdulrauf. "Ko bayan mun tafi."

"Kayanshi ne, Malam Abdu. Ku sauka lafiya."

A bakin hanya suka tsaya jiran mota, rana na dukansu. Khairiyya ta rungume kular da babu komai a ciki sai ragowar ledoji.

"Da ban faɗa da ƙarfi ba," ta ce.

"Da ya zazzage buhun dai. Jiƙaƙƙe ya cusa a tsakiya, ko makaho ya gane."

"Wataƙila. Wataƙila kuma ledar ce ta yi kuskure. Gidan sauron nan ban san ko ya sha laima ba, kuma ban taɓa gwada bugun hannu ba sai yau. Sai an auna waken da wani ma'auni kafin in tabbatar."

Ya juyo ya dube ta. "Wato na kusa dambe da mutum a garin mutane, ke kuma ba ki tabbata ba?"

"Ban tabbata ba, Kawu."

Suka hau mota suka koma Kankia. Washegari ta koma makaranta.

Ba su taɓa jin abin da ke tsakiyar buhunan Sagir ba. An ce dai ya kai su wata kasuwa ya sayar. Malam Rabe bai kira ba. Abdulrauf ya koma kan bajensa da rigunansa, yana yi yana tsaki, har matarsa ta tambaye shi ko wani abu ke damunsa ya ce babu.

Bayan sati uku wayarsa ta yi ƙara yana tsakiyar wanke firam. Khairiyya ce. Bayan gaisuwa ta ce ta kai ragowar ledojin an auna su. Suna aiki, amma kaurin layukan ya ɗan bambanta daga wannan zuwa waccan, don haka shugaban sashensu ya ce ba za a sa bugun hannu cikin rahoto ba, sai an gyara inji.

"Yaushe za a gyara?"

"An ce bayan sabuwar shekara. Haka aka ce bara ma."

"Ki ce mashi ya zo Kankia ya ja roba sau ɗaya in gani. Bambanci! Da wuta ɗaya aka gasa su? A tanderun burodi fa aka gasa su!"

"Na faɗa mashi. Kawu, wata abokiyar aikina ta ba ni wata tawadar, ta gawayi ce, ba ta kai waccan ba amma tana da yawa, kuma ba ta saurin bushewa. Na ce ko in an yi hutu..."

"A'a. Ni na gama. Ina da aikin mutane, kuma ba zan sake zuwa a zage ni a Kusada ba."

"To, Kawu. Na gode. A gaida mutanen gida."

Har za ta kashe ya ce, "Tsaya. Bambancin kaurin nan, a wane gefe ya fi yawa? Inda na fara ja ko inda na ƙare?"

"Inda ka ƙare. Kusan duka."

Ya yi tsaki mai tsawo. Teburin ne, ƙafarsa ɗaya ta ɗan gajarta, ya daɗe da sani yana sa mata kwali.

"Za ka yi ke nan?" ta tambaya.

"Ban ce zan yi ba. Tambaya na yi."

Ya kashe wayar, ya jefa ta kan benci, ya durƙusa yana leƙen ƙafar teburin yana ƙunƙuni.